Inna, ɗan kalli nan

Wannan rubutun na daɗe ina juya shi a raina, in fara in goge, in sake farawa in sake gogewa, don ba daɗi mutum ya tona wa kansa asiri da hannunsa, amma tunda azumi ya sake ƙaratowa kuma na ga 'yan uwana sun fara goge gilashin kamara ana shirin "aikin Allah", sai na ce bari dai in faɗa ko na huta.

Azumin 2024 ne. Duk wanda yake Kano a lokacin ba sai an ba shi labarin wuyar da aka sha ba, an cire tallafin mai tun ƙarshen watan Mayun 2023, kafin shekara ta zagayo buhun shinkafa ya haura naira dubu 70, har mutane suka koma sayen afafata wadda a da masu kiwon kifi ake sayar wa. A cikin wannan azumin ne ma aka yi turmutsutsu a Bauchi wajen rabon kuɗi har aka rasa rayuka, akasari mata. Yunwa ce ta gaske, wadda take fito da mutumin da bai taɓa miƙa hannu ba.

Mu kuma muna da wata 'yar ƙungiya ta samarin unguwa, mu goma sha biyu ne a guruf ɗin WhatsApp, duk shekara mukan yi karo-karo mu sayi gero da sukari mu kai wa gidajen da muka san ba hali, kuma da daddare muke kaiwa, a ƙwanƙwasa a ajiye a wuce. Shekara huɗu muna haka ba wanda ya ji. To a wannan shekarar sai wani Alhaji ɗan unguwarmu da ya koma Abuja da zama ya ce zai ba mu kuɗi masu kauri, amma da sharaɗi, a buga riguna, a yi babban ƙyallen talla mai hotonsa, a tara mutanen wuri ɗaya, kuma a yi bidiyo. Ba wanda ya yi musu, ni ne ma na fi kowa rawar ƙafa, saboda ni ne mai waya mai kyau kuma ni ne mai 'yan mabiya a Facebook da TikTok, aikin kamara dole ya faɗo hannuna.

Ranar rabon aka jera benci a ƙofar makarantar allo, mata suka yi layi cikin rana da ƙishirwar azumi. A cikinsu akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, duk unguwar Inna muke ce mata, ƙawar mahaifiyata ce, a gabanta aka haife ni, kuma da kokonta da ƙosanta na yi karin kumallon firamare gaba ɗaya, sau da yawa ma ba ta karɓar kuɗina. Mijinta ya rasu da daɗewa, ciwon ƙafa kuma ya hana ta suyar. Ta zo ta ja hijabi har kusan kan hancinta, tana son ta karɓa ta wuce da sauri. Ni kuma da na hango ta ta cikin waya, wallahi ba Inna na gani ba, fuska na gani mai kyau da bidiyo, tsohuwa mai tamoji a goshi da idanu masu ban tausayi.

Na ce, "Inna, ɗan kalli nan."

Ta kalla. Na ce ta riƙe ledar da hannu biyu. Hoton bai fita ba saboda rana tana bayanta, sai na karɓe ledar daga hannunta, na juya ta ta fuskanci ɗaya ɓangaren, na sa abokina ya sake miƙa mata. Sau uku ana karɓe mata sadakar ana sake ba ta. Na ce, "Inna, yi wa Alhaji addu'a mana." Ta ce Allah ya saka da alheri, can ƙasa-ƙasa. Na ce, "Ɗan ɗaga murya, Inna, ba a ji." Sai kawai na ga hawaye ya gangaro mata, kuma abin da ya zo raina a wannan daƙiƙar, ina faɗa ne don Allah ya riga ya sani, shi ne: alhamdulillahi, an samu. Na matso da kamara.

Da daddare na yanka bidiyon, na ɗora masa irin sautin nan mai sa jiki sanyi, na rubuta a sama cewa hawayen wannan baiwar Allah sun sa ni kuka yau. Ban yi kuka ba. Ina shan lemon ɓawo ne lokacin da nake rubutawa. Na saki bidiyon ana kiran isha'i, kuma a tarawih ɗin wannan daren duk sallamar da liman ya yi sai na zaro waya na leƙa, ɗari biyu, ɗari bakwai, dubu ɗaya da wani abu. Kafin sahur an kalla sau dubu goma sha, kwamen kuwa sai "Allah ya ƙara mana irinku", "matashi abin koyi", "aljanna ce makomarka in sha Allah". Ina bi ɗaya bayan ɗaya ina amsawa da amin ya rabbi, wai ni mai tawali'u, alhali kaina ya kusa taɓa silin.

Kwana biyar bayan nan ƙaramin ɗan Inna, wanda yake jan adaidaita sahu, ya tsaya a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Yaro ne mai ladabi, ya girmama ni kamar kullum, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya ce, "Yaya, wani laifi muka yi maka ne?" Ashe yayarsu da take aure a wani gari, kishiyarta ce ta ci karo da bidiyon ta tura shi guruf ɗin dangin miji, aka wayi gari ana yi mata gori wai uwarta 'yar layin sadaka ce. Ta kira tana kuka, Inna kuma tun ranar ba ta leƙa ko zaure ba. Ya ce, "Tunda babanmu ya rasu ba wanda ya taɓa sanin mun ci ko ba mu ci ba, sai yanzu." Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, ya ce don Allah in cire kawai.

Nan ne wurin da ya sa nake wannan rubutun. Lokacin da yake maganar, abin da ya fara faɗo mini ba Inna ba ce, ba 'yarta ba ce, lissafi nake yi cewa bidiyon ya kai kallo dubu arba'in da ɗoriya kuma bai gama tafiya ba. Har bakina ya buɗe zan ce masa ai niyyarmu mai kyau ce, ai ta dalilin wannan bidiyon wasu ma za su taimaka. Na ce masa to zan cire. Ban cire ba sai bayan sallar asuba ta washegari, kuma kafin in cire sai da na ɗauki hoton adadin masu kallon na ajiye a wayata.

Yanzu akwai wata kalmar Turanci da ta shigo bakin 'yan soshiyal midiya ɗinmu, nasisis, duk matar da mijinta ya ɓata mata rai nasisis ne, duk saurayin da ya daina kira nasisis ne, har uwar miji ba ta tsira ba. Asalin kalmar daga wata tatsuniyar Girkawan da ne, wani saurayi kyakkyawa mai suna Nasisus da ya raina duk masu sonsa, wata rana ya leƙa ruwa ya ga fuskarsa ya kamu da son abin da ya gani, ya kasa tashi daga bakin ruwan har ya mutu a wurin. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma suna da wata lalura da suke kira da wannan sunan, a kundin da likitocin Amurka suke aiki da shi an jera alamomi 9, sai mutum ya cika aƙalla 5 kuma abin ya zame masa hali da ya daɗe yana ɓata masa zama da mutane kafin a ce yana da ita. Saboda haka ni ba na ce wa kowa yana da ciwo, ni ba likita ba ne, kuma yawancinmu ba ciwo ke damunmu ba. Amma daga cikin alamomin nan akwai guda uku da na karanta na ji kamar da ni ake, son a yi ta yabonka ba ƙoshi, amfani da mutane don biyan buƙatarka, da rashin jin abin da wani yake ji. Mutum lafiyarsa ƙalau zai iya aikata duka ukun a cikin minti biyu in dai da waya a hannunsa, ni shaida ne.

Kuma mu ba mu rasa sunayen abin ba tun kafin kalmar Bature ta iso. A makarantar islamiyya an koya mana riya, yin abu don a gani, da sum'a, yin abu don a ji labari, da ujubu, mutum ya riƙa burge kansa da kansa. A gida kuma ana cewa wane akwai son a sani, wance akwai neman suna, akwai fankama, akwai ƙafafa. Duk yaron da ya tashi a gidan Bahaushe ya ji an ce yabon kai jahilci.

Wannan karin maganar ce ma ta sa na tsaya ina tunani, don kar mu yaudari kanmu mu ce kakanninmu ba sa son yabo. Suna so ƙwarai! Da ba sa so da maroƙa da zabiyoyi da makaɗan fada ba su ci abinci ba, da sanƙira bai samu aikin yi a wurin ɗaurin aure ba. Attajiri yakan kyautar da doki ko riga ko kujerar Makka don a ambaci sunansa a waƙa. Amma ka lura da tsarin, wani ne yake yabonka, kai kuma kana zaune ka sunkuyar da kai kamar ba ka so, kuma sai ka biya, kuma biki yana ƙarewa kowa ya watse. Ga maroƙin nan in ka yi masa rowa gobe zambo zai yi maka, wato yabon ma da linzaminsa. Yanzu ni ne mai gidan, ni ne maroƙin, ni ne mai gangar, ni ne sanƙiran da zai yi shela, ba na biyan kowa sai kuɗin data, kuma bikin ba ya tashi, ƙarfe uku na dare ma ana yi. Kunyar nan da take sa mutum ya sunkuyar da kai ita ce aka cire daga cikin lissafin.

Ba kuma haka kawai abin ya faru ba, gina shi aka yi. Maɓallin nan na babban yatsa da muke rayuwa dominsa, a 2009 Facebook suka kawo shi, kafin nan in abu ya burge ka sai dai ka rubuta magana. Da zuwansa yabo ya zama abin ƙirgawa kamar kuɗi, naka 30 na wane 3,000, kowa yana gani. Sean Parker, wanda shi ne shugaban kamfanin Facebook na farko, ya fito a 2017 ya faɗa da bakinsa cewa tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye lokacin mutum da hankalinsa gwargwadon iko, ta hanyar ɗan ɗanɗana masa daɗi lokaci zuwa lokaci in wani ya yaba hotonsa, kuma sun san rauni ne na ɗan Adam suke amfani da shi. Instagram ma sun gwada ɓoye adadin masu yabawa a Kanada a 2019, daga baya a 2021 suka bar wa kowa zaɓi, in ka ga dama ka ɓoye naka. Tambayi kanka mutum nawa ka sani da suka ɓoye. Ni dai ban ɓoye ba. Shi kuwa TikTok ya zo da nasa salon da ya fi na kowa haɗari ga mai son a san shi, ba ruwansa da ko kana da mabiya, in bidiyonka ya riƙe mutane 'yan daƙiƙoƙi sai ya ƙara tura shi gaba, in ya sake riƙewa ya ƙara turawa, shi ya sa yaro zai kwana ba wanda ya san shi ya tashi ana nuna shi a Kantin Kwari. Kuma me ya fi riƙe ido? Hawaye, faɗa, tsiraici, kuɗi. Ni na zaɓi hawaye ne saboda shi ne mai kama da ibada.

Tun daga abin nan na Inna idona ya buɗe, sai nake ganin irinsa ko'ina, kuma abin da na lura shi ne ba yawan ɗaukar hoton kai ne matsalar ba. Yarinya ta yi kwalliyar sallah ta ɗauki hoto ashirin, ina ruwan wani, fuskarta ce. Inda abin yake ɓaci shi ne lokacin da wani mutum ya koma kayan adon hotonka. Je ka gidan rasuwa ka gani, an yi wa mutum mutuwar uba ko kwana ɗaya ba a yi ba, idonsa jawur, sai ga wani ya zo da tawaga ya zauna kusa da shi ya ɗaga hannu, yaronsa na gefe yana neman kusurwar da hular mai gida za ta fito sosai, fatiha ba ta kai ƙarshe ba an shafa an tashi, kafin su kai mota an saki "yau na jagoranci tawaga zuwa ta'aziyya". Ka karanta rubutun duka, sunan mamacin sau ɗaya ya fito, "na" kuwa ta fito sau takwas. Ko a asibiti, mara lafiya yana kwance da robar fitsari ba ya ma cikin hayyacinsa, an tsaya a kansa ana murmushi. Har maƙabarta na ga ana ɗaukar bidiyo ana saka gawa a kabari, kuma mai ɗaukar yana juyo da kamarar kan fuskarsa lokaci-lokaci don a tabbatar da shi aka yi.

Akwai kuma mai wayo, wanda ni na fi ƙwarewa a kai. Shi ba ya cewa ga ni, cewa yake "wane ni", "ni da ban kai ba", "Allah ka sani ban cancanci wannan karramawa ba", ga kuma hoton karramawar guda tara daga kowace kusurwa. Ko a je Umra a juya wa Ka'aba baya a ɗaga hannu sama ido a lumshe, ka rasa wa ake roƙo tunda alƙiblar tana bayan ƙeya, a rubuta "na yi muku addu'a duka". Ko a saka hoton hannu da ƙarin ruwa ba bayani, a bar mutane ɗari biyu suna tambayar lafiya, sai bayan awa shida a dawo a ce ba komai, zazzaɓi ne. In kuma wani ya kuskura ya ce wannan bai dace ba, shi ke nan ya zama maƙiyi, mahassadi, za a yi masa fostin uku a jere kan cewa masu baƙin ciki sai dai su mutu. Na taɓa bulokin wani abokina na sakandare saboda kawai ya rubuta mini a ƙarƙashin wani hoto cewa "malam, wannan ai da ka bar wa Allah". Shekara biyu ba mu yi magana ba. Shi ne mutum ɗaya cikin ɗaruruwa da ya gaya mini gaskiya.

In ana maganar inda son a gani yake kai mutum, ni Hushpuppi nake tunawa, Ramon Abbas, ɗan Legas ɗin nan da a da yake zaune a Dubai yana da mabiya sama da miliyan 2 a Instagram, yau jirgin haya gobe Rolls-Royce jibi agogon da ya fi gidanmu tsada, yana rubuta wa mutane nasihar su dage da aiki. Samarinmu nawa suka riƙa kallon kitse a jikin rogo. Aka kama shi a Dubai a watan Yunin 2020, a Nuwamban 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 135 kan wanke kuɗin damfara. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne, cikin abubuwan da masu binciken FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, suka yi amfani da su wajen tabbatar da cewa shi ne, har da hotunan bikin zagayowar ranar haihuwarsa da ya saka da hannunsa. Mutumin da ya fi kowa buƙatar ya ɓuya, amma ya kasa, saboda dukiyar da ba a gani ba a wurinsa kamar babu ita ce. Da na yi dariyarsa sai na tuna ni ma sadakar da ba a gani ba ta fara zame mini kamar ba a yi ba, bambancinmu shi da motoci yake yi, ni da gero da sukari.

To amma kar in yi rashin adalci, don mun yi wannan muhawarar a guruf har kusan a rabu. Ɗaya daga cikinmu, wanda shi ne ma'ajinmu kuma mutum ne mai gaskiya, ya ce ku tsaya, kafin bidiyo gida nawa muke kaiwa? Talatin. Da bidiyo fa? Sama da ɗari biyu. Ya ce yunwa ba ta san kunya ba, kuma mutanen da suke turo kuɗi daga nesa suna da haƙƙin su ga inda kuɗinsu ya tafi, a ƙasar da an sha tara kuɗin marayu a sayi fili da su. Kuma gaskiya ne, ni kaina na san marasa lafiyar da aka yi wa aiki da kuɗin da aka tara a Facebook cikin kwana biyu, da ba a nuna su ba da wataƙila an binne su. Ya kawo ayar cikin Baƙara da ta ce in kun bayyana sadaka to madalla da ita. Wani kuma ya ce masa ƙarasa ayar mana, ai ci gabanta cewa ya yi in kun ɓoye ta kuka ba wa mabuƙata shi ya fi muku alheri, kuma kafin ita a surar an ce kada ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa. Aka kawo hadisin mutum bakwai da za su shiga inuwar Al'arshi, cikinsu har da wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba, aka kawo na mutum ukun da za a fara yi wa hisabi, wanda cikinsu akwai mai kyautar da za a ce masa ka yi ne don a ce kai mai kyauta ne, kuma an faɗa. Kowa da hujjarsa, har ƙarfe ɗaya na dare ana turo saƙon murya.

Ni ban ce komai ba a daren, saboda na san wani abu da su ba su sani ba. Hujjar ma'aji daidai ce, amma ba ita ce ta sa na karɓe leda daga hannun Inna sau uku ba. Mai son nuna wa masu bayarwa inda kuɗinsu ya tafi, rasit zai nuna, da buhuna, da lissafi. Ba ya buƙatar hawaye, ba ya buƙatar sauti mai sa kuka, kuma ba ya buƙatar fuskarsa ta fito a farkon bidiyo da ƙarshensa kamar yadda tawa ta fito. Kuma ko da a ce an tambayi Inna ta yarda, wace irin yarda ce wannan, mutum yana jin yunwa ka riƙe abinci a hannu ɗaya kamara a ɗaya hannun ka ce masa ya zaɓa? Mu fa mutane ne da addu'armu ta kullum ita ce Allah ya rufa mana asiri. Talaka ba shi da gida mai bene ba shi da mota, rufin asirin nan shi ne kadararsa, ita ce Inna ta yi shekaru tana tattali da ciwon ƙafarta, ni kuma na saye ta da mudu biyu na gero, da kuɗin wani ma ba nawa ba.

A ƙarshe dai muka tsaya a kan cewa za a riƙa ɗaukar kayan da rasit da lokacin lodi, ba fuskar kowa, ba layi, a koma kaiwa gida-gida da daddare. Aka gaya wa Alhaji. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya taimaka, azumin da ya biyo baya kuma kuɗinsa suka tafi wurin wasu samarin a wata unguwar, na ga bidiyonsu, ya yi kyau sosai, har da jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama. Mu muka koma gida arba'in da 'yan kai. Hoton buhunan da na saka mutum 61 ne suka danna masa yatsa, kuma ƙarya nake in na ce ban ji wani iri ba, har yau in na saka abu hannuna yakan kai kan waya da kansa bayan minti biyar. Gidaje ɗari da wani abu da suka samu a waccan shekarar ba su samu a wannan ba, wannan ma yana damuna, kuma ma'aji yakan tuna mini duk lokacin da muka haɗu.

Bidiyon kuma bai mutu ba. Na goge nawa, amma wani shafi ya riga ya sauke shi, bayan wata bakwai na ci karo da shi an canja masa sauti an rubuta "halin da talaka yake ciki a Arewa", ga Inna tana share hawaye da gefen hijabi. Na yi musu magana ta inbos sau uku, ba su ko buɗe ba.

Na je na ba ta haƙuri, mahaifiyata ce ta raka ni don ni kaɗai ba zan iya ba. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta na ce Inna ki yafe mini. Ta ce, "Haba ɗan nan, me ka yi? Ai alheri ka yi nufi, Allah ya yi maka albarka." Har ta sa jikarta ta kawo mana ruwa. Kasonta yanzu matata ce take kai mata bayan isha'i a cikin baƙar leda, ta ƙofar baya. Muna gaisawa lafiya lau in na wuce ta a zaune a ƙofar gida da yamma tana shan iska. Rannan na tsaya muna gaisawa, tana tambayata yara, sai wayata ta yi ƙara a aljihu na zaro don in ga mai kira, kafin in ɗago kai Inna ta ja hijabinta ta rufe fuska.